Jan Dutse na Sha Huɗu

Shekara goma sha tara yana jan doguwar motar fasinja a kan hanya ɗaya, kuma a tasha ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Sannu-Sannu ake ce masa, don ba ya gudu. Fasinja masu sauri kan leƙa su ga ko shi ne a kan sitiyari, in shi ne su ja tsaki su jira ta gaba. Tsofaffi da masu goyo kuwa tasa suke nema.

Hanyar kashi biyu ce. Daga tasha zuwa dutsen kilomita na sha huɗu, hanyar gari ce, gudu ba ya wuce sittin, kuma 'yan sandan gari ke da iko da ita. Daga dutsen zuwa gaba babbar hanya ce, an yarda a yi ɗari, iko kuma na jami'an sintiri ne. Da can akwai allo a wurin, sai wata tirela ta kwashe shi, ba a sake kafa wani ba. Direbobi suka gaji da jira, suka shafa wa dutsen jan fenti don kowa ya san inda zai taka totur. Duk bayan damina sai a sabunta. Bana Sannu-Sannu ne ya tsuguna ya shafa da hannunsa.

Ranar Talata da hantsi ya wuce jan dutsen, ya sa giya ta biyar, allurar maleji ta hau tamanin da biyar. Bai yi nisa ba wani kofur na 'yan sandan gari ya fito daga bayan bishiya, hannu a sama. Abokin aikinsa yana zaune a inuwa da na'urar auna gudu a kan ƙafafu uku.

"Baba, ina kwana. Jirgi kake tuƙawa?" in ji kofur.

"Lafiya lau. Me na yi?"

"Tamanin da biyar a wurin sittin. Kawo lasin."

"Wurin sittin ya ƙare a baya. Ga dutsen can, kana ganinsa daga nan."

Kofur bai ko waiwaya ba. "Ni allo na sani, ban san dutse ba. Ka ga allo?"

"Kai ma ka san abin da ya sami allon."

"To tunda babu allo, gari bai ƙare ba. Kawo lasin, Baba, rana na yi."

Wata mata daga cikin mota ta ce, "Direba, ka ba shi mana mu tafi, jaririna ya fara kuka." Sannu-Sannu ya zaro lasin daga aljihun gaba, ya miƙa, a zatonsa dubawa za a yi. Kofur ya jefa shi cikin jaka, ya yago wata 'yar takarda ya rubuta a kai. Da ita zai iya ƙarasa wannan tafiya ya dawo, daga nan ba shi ba tuƙi sai ofis ta sallame shi. A gurbin da aka tanada don wurin da laifi ya faru, kofur ya rubuta kilomita sha uku.

Sannu-Sannu ya karanta sau biyu. Ƙaryar nan ta fi ƙwace lasin ɗin ƙona masa rai. Ya kai fasinjansa, ya dawo da wasu, duk lokacin da ya canza giya sai motar ta yi ƙara.

Da yamma manajan kamfani ya kira shi ofis. Ya juya takardar gaba da baya, ya ajiye.

"Na san halinka, Baba. Amma doka ce, direba ba lasin ba ya hawa motarmu. Na ba ka zuwa Asabar. In ba ka kawo shi ba, motar za ta koma hannun wani, kuma ka san in ta koma ba ta dawowa."

"Shekara sha tara, Manaja. Ko madubi ban taɓa fasa maka ba."

"Shi ya sa na ce Asabar, ban ce gobe ba."

A gida matarsa ta ga ya rataye makullin ɗaki a ƙusar da ba tasa ba, ta gane akwai magana. Ya faɗa mata a tsaye, yana kai da kawo tsakanin ƙofa da taga.

"Kai? Gudu?" Ta kasa riƙe dariya. "Ranar da za ka kai ni asibiti haihuwar auta, mai keke ya wuce mu."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani, Malam. Zauna ka ci abinci. Gobe ka je, amma ka bar zuciyar nan a gida. Lasin za ka karɓo, ba faɗa za ka ci ba."

Laraba ya wuni a ofishin 'yan sandan gari. Benci ɗaya ne a gaban kanta, mutum tara a kai, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Sai bayan azahar sajan mai kanta ya karɓi takardarsa.

"Za ka amsa laifi ka sa hannu, a riƙe lasin wata uku, ko za ka je kotu?"

"Yaushe ne kotun?"

"Wata mai zuwa, in an samu wuri."

"Yallaɓai, wurin da aka tsayar da ni ba huruminku ba ne. Babbar hanya ce."

Sajan ya dube shi ta saman tabarau. "A takarda an ce sha uku."

"Takardar ƙarya ta yi."

"To ka ga, maganar iyaka ba a kantar nan ake yin ta ba. In kana ganin hanyar ta 'yan sintiri ce, je ka su ba ka a rubuce. Na gaba."

Alhamis ya hau motar haya, a kujerar baya, gwiwoyinsa na dukan ƙarfe, ya tafi ofishin jami'an sintiri. Sufeton wurin mutum ne mai fara'a. Ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya kai shi gaban wata taswira da ke manne a bango, ya ɗora yatsa.

"Gaskiyarka. Daga sha huɗu namu ne. Ba su da ikon kafa na'ura a nan, mun sha gaya musu."

Sannu-Sannu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. "Alhamdu lillahi. To a rubuta mini haka, ranka ya daɗe, layi biyu kawai."

"A'a, wannan kuma ba zai yiwu ba. Lasin yana hannun wata hukuma. Ba huruminmu ba ne mu sa baki a takardar da ba mu muka rubuta ba."

"Hanyar taku ce."

"Tamu ce."

"An tare ni a kanta ba bisa ƙa'ida ba."

"Haka ne."

"Amma ba ruwanku."

"Ka fahimce ni ke nan." Sufeto ya koma kujerarsa. "Wai ma, tunda babu allo, yaya aka yi ka tabbata ka wuce sha huɗu?"

"Dutsen ja ne. Mu direbobi muke shafa masa fenti. Na bana ma ni na shafa."

Fara'ar sufeto ta ɗauke. Ya jawo biro. "Wa ya ba ku izini? Duwatsun nan kayan hukuma ne, fari ake shafa musu. Wannan kam a huruminmu yake."

Sannu-Sannu ya miƙe tsaye, har kujerar ta faɗi. Shekara uku ba allo, ba wanda ya ce huruminsa ne. An ƙwace masa abin da yake ci da iyalinsa da shi, ba wanda ya ce huruminsa ne. Sai gwangwanin fenti. Sai ya tuna da abin da matarsa ta ce. Ya ɗaga kujerar ya mayar da ita wurinta.

"Wannan karon gargaɗi ne," in ji sufeto. "Kada a sake."

A hanyar dawowa motar hayar ta bi ta gaban bishiyar. Kofur yana nan, ya tare wata ƙaramar mota. Sannu-Sannu ya ƙura wa na'urar ido, ya ga inda bakinta ke kallo. Motocin da ke fitowa daga gari take fuskanta, kuma jan dutsen yana can bayansu, a fili.

Juma'a tun kafin a buɗe ofishin 'yan sandan gari yana bakin ƙofa. Da sajan ya zauna, ya ce, "Na zaɓi kotu. Amma na'urarku tana ɗaukar hoto, ko ba haka ba? Ina so in ga nawa."

"Hoton na cikin fayil."

"Fayil ɗin nawa ne. A nuna mini, ko a rubuta cewa an hana ni."

Sajan ya yi ɗan gunaguni, ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito bai zo da fayil ba, cewa ya yi babban jami'i na kira.

Hoton yana kan tebur. Ga motar, ga lambarta, ga Sannu-Sannu a kan sitiyari da hularsa, ga tamanin da biyar a kusurwa. Can baya, gefen hagu, ga dutsen, ja wur, ƙarami kamar ƙwayar wake amma ba mai cewa bai gan shi ba.

"Wannan shi ne na sha huɗu, ranka ya daɗe," in ji Sannu-Sannu. "Yana bayana. In alƙali yana so, zan kai shi ya karanta lambar da idonsa. Kuma ba ni kaɗai aka ɗauka daga gindin bishiyar nan ba."

Babban jami'i ya dubi hoton, ya dubi tulin fayilolin da ke gefensa. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da lasin, ya tura shi gaba da yatsa ɗaya.

"Saboda shekarunka, an yi maka afuwa."

"Afuwa ta me? Me na yi?"

"Baba, ɗauki abinka."

"Wanda ya rubuta sha uku fa? Shi wa zai yi masa afuwa?"

"Wannan maganar cikin gida ce. Za ka ɗauka, ko in mayar?"

Ya ɗauka. Ya duba hotonsa a jiki, ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Bai yi godiya ba. Matarsa, da ya gaya mata haka, ta ce wannan ɗin ta yafe masa.

Asabar da safe manaja ya miƙa masa makullin motar. Mota ta cika, ya fita daga tasha a sittin. Da ya kusa kilomita sha huɗu ya nemi jan dutsen ya rasa. An shafe shi da farin fenti, sabo fil, ya koma kamar sauran. Ba a kafa allo ba. Gaba kaɗan, ƙafafun na'urar suna leƙowa daga bayan bishiya.

Bai taka totur ba. Ya wuce kofur a sittin, yana kallonsa ido cikin ido, ya wuce sha biyar da sha shida a haka.

"Direba, lafiya?" in ji wani daga baya. "Ko man ne ya ƙare?"

"Mai yana nan."

"To ai mun fita gari tuntuni."

"Haka nake zato ni ma," in ji Sannu-Sannu. "Amma ka je ka samo mini a rubuce."