Idon Baƙo

Sau uku Sunkuyau yana goge tafinsa a jikin wando kafin ƙofar ɗakin taro ta buɗe. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don shekara sha ɗaya yana sashen fitar da riɗi waje, ba wanda ya taɓa ganin ya haɗa ido da na gaba da shi. Haka uwarsa ta rene shi, kuma ba da wasa ba.

Bara wannan ladabin ya ja musu asara. Masu saye suka zo suka koma, suka rubuto cewa mai kallon takalminsa yana ɓoye wani abu ne. Shi ya sa aka tura shi bitar kwana uku kan al'adun baƙi: ka dubi tsakiyar ido, ka matse hannu, ban da doguwar gaisuwa.

"In wannan ma ya suɓuce," in ji manaja da safe, "ni zan sa hannu a takardar sallamarka."

Baƙon, sabon mai saye daga ƙasar waje, ya shigo da tafintarsa. Tsoho ne, sa'an mahaifin Sunkuyau, kai fari fat. Sunkuyau ya tuna yaransa huɗu a gida, ya cije, ya kafe dattijon da ido kamar mai bin bashin rai. Tsoho ya sunkuyar da kai. Sunkuyau ya ƙara zare ido. Shi ke nan, ya ɓata, aiki ya tafi.

Sai baƙon ya zaro wata 'yar takarda, ya karanto da ƙyar: "Ina gajiya? Yaya iyali?"

Tafinta ta matso ta rage murya. "Yallaɓai, don Allah sassauta. Mako guda ana koya masa kada ya dube ku a ido. Yanzu tambayata yake laifin me ya yi."

Ta bayan gilashin ƙofa manaja na tsaye, yana nuna idanunsa da yatsu biyu. Sunkuyau ya gan shi sarai, tsoro ya ƙara kama shi. Ya dubi takardar da ke hannun dattijon.

Ya sauke idonsa kan takalmi.

"Ba gajiya, Baba. Iyali lafiya lau. Ya hanya?"

Tsoho ya ja kujera ya zauna.