Rakiyar da Maman Perpetual Ta Nema

Zulai na tsakiyar tsince shinkafa aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ta leƙa ta gefen labule. Maman Perpetual ce, maƙwabciyarta ta ɗakin da ke manne da nasu, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗankwalinta ya zame har kafaɗa.

"Amarya, jiki na babu daɗi," in ji ta, da irin Hausarta ta 'yan Abuja. "Zo ka raka ni asibiti. Ni kaɗai ba zan iya shiga keke ba."

Zulai ta buɗe ƙofar iya inda fuskarta za ta fito. Ta ce maigida ba ya nan, kuma ba ta fita sai da izininsa. Gaskiya ta faɗa, sai dai wayarta na kan tabarma, kuma ta san da ta kira shi da wuya ya hana. Matar ta gyaɗa kai ta ce ba komai, ta juya tana jan silifa.

Ba a daɗe ba da Hafizu, mijin Zulai, ya ɗauko ta daga Zariya zuwa wannan gidan haya na Durumi, mai ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya a ƙarshen tsakar gida. Tun ranar farko ya zaunar da ita ya gaya mata yadda ake zaman Abuja. Nan ba gida ba ne. Ta kulle ƙofa ko da banɗaki za ta. Kada ta ci abincin kowa, kada ta shiga ɗakin kowa, gaisuwa ma ta tsaya a bakin ƙofa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. An taɓa yashe ɗakin wani abokinsa da rana tsaka, kuma ɗan gidan ne ya nuna hanya.

Ita ma Maman Perpetual tana da nata darasin. Mutuniyar Binuwai ce, ta tsufa tana sayar wa makanikan Apo abinci. Ita ta nuna wa Zulai mai ruwan da ba ya kawo na rijiya ya ce na famfo ne. Ita ta ce kada ta kuskura ta shiga motar da ba a tasha ta tsaya ba, don akwai masu ɗaukar mutum su ƙwace masa komai su jefar da shi a hanya. In doya take so, ta bari sai mai zuwa Karshi ya sayo mata. In ta ga an shafa jan fenti a bangon gida, ta fara ɗaure kaya, rusau na tafe. Zulai ta bi duk wannan, ta kuma ga amfaninsa. Amma miyar agushin da matar ta kawo mata ta sannu da zuwa, a bola ta juye ta. Da yamma kuwa, in Hafizu ya dawo daga shago, sai ta riƙa kwaikwayon Hausar matar suna dariya, ta ce tsohuwar nan ta cika shisshigi.

Ranar da ta nemi rakiyar, Maman Perpetual ba ta je asibitin ba. Ɗakinta ta koma. Washegari makanikai suka ga rumfarta a rufe, abin da ba su saba gani ba, sai ɗayansu mai suna Leonard ya biyo sahu. Ya buga ƙofa har ya gaji, sannan ya sa kafaɗa. A ƙasa suka same ta da sauran numfashi. Zulai na tsaye a bakin ƙofarta aka fito da ita cikin zane, ƙafafunta na reto. Kafin la'asar Leonard ya dawo shi kaɗai ya zauna a kan bencin tsakar gida, kowa ya gane.

Zulai ba ta gaya wa Hafizu maganar rakiyar ba. Ta dafa abinci, ta kasa ci.

Da 'yar marigayiyar ta iso daga garin Otukpo na Binuwai, ko jakarta ba ta ajiye ba ta tambaya wace ce Zulai. Zulai ta fito ta tsaya, tana jiran abin da ta san ta cancanta. Perpetual, wadda a Durumi ta girma kafin aure ya kai ta gida, ta zo ta kama hannayenta biyu ta durƙusa.

"'Yar'uwa, Allah ya saka miki," ta ce. "Da na ji muryar Mama a waya na ce zan taho. Ta ce in zauna da yarana, ai tana da 'ya a nan, 'yar Zariya, tana kula da ita. Shi ya sa hankalina ya kwanta."

Matan gidan suka kalli juna. Wata ta sunkuyar da kai tana gyara bakin bokiti.

"Ban yi mata komai ba," in ji Zulai.

Perpetual ta ɗauka kawaici ne irin na Hausawa, ta ƙara matse mata hannu. Ta roƙe ta ta taya ta haɗa kayan, tunda ita ta san inda Mama ke ajiye komai.

Haka Zulai ta shiga ɗakin a karo na farko. Ɗan ƙarami ne kamar nasu, akwai manyan tukwanen sana'a a jere, da gado manne da bangon da ya raba su. Ta zauna a bakin gadon tana ninke zannuwa tana miƙa wa Perpetual.

Can sai ta ji an buɗe ƙofar ɗakinsu. Hafizu ne ya dawo. Ta ji ya ajiye makullai a kan tebur, ta ji ya cire takalmi, ta ji har ajiyar zuciyar da ya yi da ya zauna. Ya kira sunanta ƙasa-ƙasa, sunan ya iso kunnenta sarai kamar a gefenta yake. Ta ɗaga kai. Bangon bai kai rufin kwano ba.

Ashe duk kwaikwayon da take yi da dariyarsu ta yamma, daga ɗakin nan marigayiyar take ji. Zanen na kan cinyarta, rabinsa a ninke.