Ƙafafun Lanying

Mu mazan garin nan, har da ni, mun iya tsawa a kasuwa, amma a gaban uwa ko tari sai mun nemi izini. Meng Dehou bai fi mu ba, duk da sabuwar jamhuriya ta naɗa shi shugaban gunduma.

Ran nan da safe yana tsaye a kasuwar shinkafa, yana ta ɗaga hannu.

“Mulkin sarki ya wuce. Daga yau duk wanda ya ɗaure ƙafar ’yarsa don kada ƙafar ta girma, zai gamu da ni.”

Aka tafa. Wani wanzami ya ce, “Ranka ya daɗe, daga gidan wa za a fara?”

Aka kwashe da dariya. Kowa ya san tun makon jiya tsohuwarsa ta naɗe ƙafafun ’yarsa Lanying mai shekara biyar, maƙwabta na jin kukanta. Al’ada ce, wai mace mai manyan ƙafafu ba ta samun miji. In aka daɗe, ƙashi zai lanƙwashe, shi ke nan har abada.

Meng ya koma ofis ya kira Malama Du, wadda aka ɗora wa binciken gidaje.

“Ki fara da gidana.”

“Tare za mu?”

“Ina da taro.”

Taron a shagon shayi ne, a kujerar can ƙurya. Ya wuni yana kurɓa yana ɓare gyaɗa, sai yamma ya lallaɓa gida.

A tsakar gida ya tarar da ƙyallayen ɗaurin a yashe. Lanying ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, kakarta na matsa mata yatsu a hankali.

“Sannu da taro, Shugaba,” in ji tsohuwa. “Ni ka turo wa hukuma?”

“Inna, ai doka ce...”

“Rufe min baki. Dokar taka ko kaza ba ta tsoro. Yarinyar nan da ka turo, mai ƙafa kamar kwale-kwale, na tambaye ta wa ya ɗauko ta. Ta ce takowa ta yi, ta kan gada.” Ta dubi nata ƙafafun da aka ɗaure tun tana yarinya, cikin ’yan takalman alharini. “Tun ina amarya nake jin kukan kogin nan daga ɗakina. Ban ma san an yi masa gada ba.”

Meng ya sunkuyar da kai.

“In ’yarka ta rasa miji, kai za ka ci da ita.”

“Na ji, Inna.”

“Kaka, in na warke zan je gadar,” in ji Lanying.

“Ki je. Ki dawo ki gaya min yadda take. Ubanki ba ya kawo labari.”

Bayan shekaru Meng ya zama ɗan majalisar ƙasa a Beijing. Mutanen gari suka kafa masa dutse a bakin gadar, aka sassaƙa cewa shi ne ya fara kwance ƙafar ’yarsa da hannunsa. Hannun nasa a lokacin gyaɗa yake ɓarewa.