Faga'ar Abu Sattam

"Tayar da motar mana, kafin Hissa ta fito!" in ji maƙwabcina Abu Sattam, yana dukan ƙofar motata da sandarsa.

Bai rufe baki ba sai ga Hissa, 'yarsa, da ledar magunguna, ranta a ɓace.

"Abu Nayif, kai ma biye masa za ka yi? Gobe Laraba yana da wankin ƙoda bayan azahar."

"Kwana ɗaya ne, 'yar uwa," na ce. "Kafin azahar mun dawo."

"Ka rantse."

Na rantse, raina bai so ba.

Tun da aka yi ruwa da tsawa a garinmu Hafrul Baɗin tsohon nan ya hana ni sakat. Safe da yamma yana ƙofar gidana, wai faga'a, wani tsiro mai kama da dankali da ake ci, ta nuna a ƙarƙashin rairayin sahara, shi kuwa rabonsa da tono ta da hannunsa tun kafin ciwo ya ɗaure shi a gari. Na ce ya bari sai Juma'a.

"Juma'a? Ranar da duk gari zai zubo ya tattake ƙasa da tayoyi? Kai dai ɗan birni ne, wallahi."

Muka isa cikin sahara da la'asar. Na kafa tanti, na ɗora gahawa, amma ya ƙi zama. Sai kai da kawowa yake, ya duƙa, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, ya yi tsaki, ya ƙara gaba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa kuwa kamar na mai hawan bene. Tsoro ya kama ni sosai. Har rana ta faɗi bai samu ko ɗaya ba.

Da asuba, muna idar da salla na fara naɗe kaya.

"Baffa, shiga mota. Na yi wa Hissa rantsuwa."

"Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Bari rana ta ɗago, a lokacin ake ganin tsagar ƙasa."

Na ci gaba da cire turaku ina mita, ina duban agogo. Can na ji muryarsa daga bayan wani tudu.

"Abu Nayif! Zo ka ga ikon Allah!"

"Ina zuwa!" na ce, amma sai da na gama ɗaure tantin a saman mota.

Na same shi a kishingiɗe, kumatunsa a kan rairayi, yatsunsa a cikin wani ɗan rami. Na kira shi, na girgiza shi, na sake kira. Sannan na yi salati.

Ni na ƙarasa tonon. Ƙarama ce, ba ta kai ƙwan kaza ba.

Kafin azahar muka iso. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Da yamma na miƙa mata faga'ar a bakin ƙofa. Ta juya ta a tafin hannunta, ta hure rairayin da ke jikinta a hankali.

"Ya gan ta?" ta tambaya.

"Ya gan ta."

Ta rufe hannunta ta shige ciki.