Bawul na Uku

Lesia tana kan hanyar zuwa aikinta na farko da safiyar Alhamis wayarta ta yi ƙara. Gord ne, mai sayar da kaya a shagon kayan gyaran murhun ɗumama gida, mutumin da ba ya kiran kowa sai in an mance safar hannu a kan kantarsa.

"Lesia, ba gulma na kira in yi ba."

"To yau kuma me ya samu bakin naka?"

"Tsohonki ya zo jiya, ya sayi bawul, abin nan da ke sakar wa murhu gas."

"Sai me? Shekara arba'in yana sayen bawul a hannunka."

"Na uku ke nan daga Asabar zuwa yau. Iri ɗaya, lamba ɗaya. Na ce masa, Orest, ina na shekaranjiya? Ya harare ni kamar na zage shi, wai rabonsa da shagon tun bazara."

Ta gangara gefen titi ta tsayar da a-kori-kurarta. Ba mamaki ta yi ba, kuma rashin mamakin ne ya fi ƙona mata rai. Tun rasuwar mahaifiyarsu, yayanta Taras yake damunta daga Calgary, wai Tato, kamar yadda suke kiran mahaifinsu, ba zai iya zama shi kaɗai ba, a nema masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Magana daga nesa ai ba ta da wuya. Ita ke nan Winnipeg, ita ta tsinci makullan mota a cikin firij ta mayar da su kan ƙusa ba ta gaya wa kowa ba, ita kuma ta riƙe hannun uban bayan jana'iza ta yi masa alkawarin babu mai fitar da shi daga gidansa. Kullum amsarta ga Taras ɗaya ce, mutumin da ya ɗumama rabin gidajen unguwar arewa ba zai kasa riƙe nasa ba.

Ta kira wanda ke jiranta ta ba shi haƙuri, ta juya kan motar.

Tana buɗe ƙofar baya ta ga numfashinta yana hayaƙi a cikin kicin. An wage bakin obin na lantarki, ga hita biyu suna ta faman banza, robar abincin perogi da ta kawo ranar Juma'a tana nan kan tebur ba a taɓa ba. Orest Danylak yana zaune da rigar sanyi biyu da hular ulu, ya rungume kofin shayi. Shekararsa saba'in da tara, kafiya kuwa tana nan kamar ta ɗan talatin.

"Wa ya aiko ki?"

"Babu. Wucewa nake na ce bari in sha shayin banza. Tato, gidan nan ai ko kifi aka ajiye ba zai lalace ba."

"Bawul ne. Na san abin da ke damunsa. Kayan yanzu duk jabu ne, ka fitar da abu daga kwali ya zo maka a mace."

"Kwana nawa kana cikin wannan?"

"Daren jiya ne kawai."

Ta dubi ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin taga ta ciki. Nuwamba ce, sanyi bai gama zama ba, da Janairu ne da tuni bututun ruwa sun fashe.

"Zo mu gani," in ji ta. "Ko don in ƙaru."

"Ki ƙaru? Wa ya koya miki riƙe sifana?"

Suka sauka ɗakin ƙasa, shi a gaba, yana dafa bango. Murhun na nan a lungunsa, an cire masa marfi. A gefen jikinsa akwai jerin kwanan wata da baƙin alƙalami, kowace kaka layi ɗaya, kowane layi da haruffan sunansa biyu. Layin bara ya karkace, na bana babu. A kan bencin aiki ga bawul biyu sababbi fil, kowanne da ɗan man ɗauri a bakinsa, alamar an ɗaura an kwance. Ta jawo tsumma ta rufe su kafin ya juyo.

"Tayar da shi," ya ce. "Kuma a bi tsari, ban son tsalle-tsalle."

Ta danna makunni. Fankar jan hayaƙi ta tashi, bayan ɗan lokaci ƙarfen kunnawa ya yi jajur, bawul ya ce ƙas. Suka jira harshen wuta. Babu. Ƙarfen ya huce, murhun ya sake gwadawa, ya sake, sannan ya haƙura.

"Sa mita," ya ce.

Ta ɗora bakin mitar auna lantarki a kan wayoyin bawul biyu, ta sake tayarwa.

"Nawa?"

"Ashirin da huɗu cif."

"To kin gani. Wuta na zuwa masa, yana amsawa, gas ba ya wucewa. Me ya rage? Ko ɗan makaranta ya san bawul ne."

Muryarsa ta dā ce sak, wadda take ji a bayanta tun tana 'yar shekara goma sha shida a ɗakunan ƙasa na mutane. Kowace kalma daidai take. Wannan ne ya sa ta ji wani ɗan sanyi a ranta, ta ce ƙila dai Gord ne da ƙarin gishiri. Sai dai shi da bakinsa ya koya mata cewa kafin ka zargi bawul, ka tabbata akwai abin da zai wuce ta cikinsa. Ta kashe makunnin lantarki, ta bi bututun gas da ido daga bawul zuwa sama. A can, daidai kafaɗarta, ɗan jan hannun da ke buɗe gas yana kwance a gicciye. A rufe yake.

Dariya ta kuɓuce mata, har da ƙwalla. Ashe shi ke nan. Bawul ɗin farko ya lalace da gaske, ya rufe gas don ya canza shi, ya mance bai buɗe ba, shi ne yake ta sintirin shago. Wa bai taɓa yi ba? Ita kanta ta yi sau biyu. Wannan ai ba abin da za a gaya wa Taras ba ne.

"Me ya ba ki dariya?"

"Ba komai, Tato. Yanzu za ka ji ɗumi."

Ta murɗa hannun ya miƙe da bututu.

Sai ta ji huci, siriri mai ƙarfi, kafin ta ƙifta ido warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mata hanci. Ta mayar da hannun da ƙarfin da ya sa bututun ya girgiza. Taku uku daga inda suke, ƙaramar wutar tukunyar ruwan zafi tana ci abinta, shuɗiya. Lesia ta yi tsalle ta kashe ta, ta ture 'yar tagar sama, iskar waje ta shigo.

Ta durƙusa ta haska tocila. A gefen bawul, ta ɓangaren da gas ke shigowa, akwai 'yar ƙofa da ake kwance notinta a sa ma'aunin ƙarfin gas, a gama a mayar. Notin ba ya nan. Ramin a buɗe yake, baƙi, bai kai girman ƙwayar wake ba.

Ta tsura wa ramin ido. Kwana biyar yana saukowa nan shi kaɗai yana tayar da murhu, ƙarfe yana yin ja a gaban wannan ramin. Da sau ɗaya ya tuna ya buɗe gas, da yanzu babu shi babu gidan, ƙila har da na maƙwabta masu yara uku. Mantuwa ɗaya ce ta tsare shi daga ɗaya mantuwar.

Hancin Orest bai tsufa ba. Ya matso, ya karɓe tocilar, ya sunkuya da ƙyar. Da ya ɗago fuskarsa ta yi jajur.

"Wane jaki ne ya yi wannan aikin? Wa ya taɓa mini murhu?"

Ta buɗe baki. Yana kallonta da idon nan da ya kori yaran aikinsa uku a kan abin da bai kai wannan ba, kuma har cikin ransa bai san amsar ba. Tausayinsa ya kama ta.

"Ni ce, Tato. Na zo ranar Talata kana barci, na auna. Na mance."

"Ke?"

"Ni."

"Lesia, ke? Shekara ashirin da biyar da lasisi a aljihu? Sau nawa na gaya miki, noti ya koma kafin hannu ya bar wurin, a shafa ruwan sabulu a gani? Gidajen mutane kike shiga! Masu jarirai!" Ya nuna ta da tocilar. "Ni na ɗauke ki na kai ki cikin maza, suna dariya, na ce ta fi ku duka. Ashe kunya za ki ba ni a ƙarshen rayuwata."

Ta sunkuyar da kai tana shan faɗan. Kowace kalma ta shige ta, duk da ta san ba tata ba ce.

"Kawo jan kati, a haramta kunna murhun nan."

"Tato, noti ne kawai, ina da shi a mota."

"Wanda ya bar wannan a buɗe, me kuma ya bari? Sai an gwada kowace mahaɗa daga mitar gas har nan, kuma ba ke za ki gwada ba. Doka ba ta san 'yar wane ba. Kawo."

Ta fita zuwa mota, ta tsaya a cikin sanyi da aljihun kaya a buɗe. Ga notin nan birjik a gwangwani, ga katunan ja a gefe. Minti goma ya ishe ta ta toshe ramin, ta bi mahaɗai da sabulu, ta tayar masa da wuta. Zai huce, ya yi barci cikin ɗumi, alkawarinta yana nan. Gobe kuma murhu ya yi wani ɗan tari, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya sauka. Ta daɗe tana kallon gwangwanin, tana kuka ba sauti, sannan ta ɗauki katin.

Ta cike shi a kan gwiwarta, shi yana tsaye yana duba rubutun. Shi ya ɗaure shi da hannunsa a jikin bututun, ya sa hannu a gurbin mai gida, hannun ko rawa bai yi ba. Ta zagaya waje ta rufe gas daga mita. Gidan da babu wuta a wannan watan ba a barinsa da ruwa a bututu, don haka suka rufe babban famfo, suka bi ɗaki-ɗaki suna buɗe kawunan famfo. Shi ke faɗin tsarin, daga sama zuwa ƙasa, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Kwana biyu zan yi a gidanki," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Kuma ba don ina so ba."

"To, Tato."

Ta haɗa masa kaya a ƙaramar jaka, da magungunansa, da tabarau. A kicin ya tsaya yana laluben hankici, hancinsa na zuba saboda sanyi. Ya zaro shi daga aljihun rigar ciki, wani ɗan abu ya biyo shi ya faɗo ƙasa, ya gangara ya tsaya a jikin ƙafar tebur.

Ta kai hannu, ya riga ta da cewa, "Bari."

Ya dafa kujera ya sunkuya a hankali ya ɗauka. Ɗan notin tagulla ne, da sauran man ɗauri a zarensa. Ya ɗora shi a tafin hannu yana kallo. Ta ga lokacin da abin ya iso masa, kafaɗunsa suka sauka, bakinsa ya ɗan buɗe. Ya jawo kujerar ya zauna.

"Ba ki zo ranar Talata ba."

Ta kau da kai, ya sake jefo mata tambaya.

"Bawul nawa na saya?"

"Tato, mu tafi, akwai sanyi."

"Nawa, Lesia?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa sakamakon awon da dama ya zata. Hawaye ya gangaro masa ya shige gemu, bai share ba. Ita da ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zagi da rantsuwar cewa ba inda za shi, wannan shirun ne ba ta shirya wa ba, kuma shi ya karya mata zuciya.

"Abin da na faɗa miki a ƙasa..."

"Na mance."

"Ni ne zan mance. Ke ba za ki mance ba." Ya ajiye notin a kan tebur, ya tura mata shi da yatsa. "Ki kira yayanki, ki ce na yarda. Yau za ki kira, tun ina sane."

"Ba sai yau ba."

"Yau. Sannan ki sauka ki ɗauko akwatin kayan aikina, ki kai inda ban sani ba." Ya kama hannunta ya matse, yatsunsa sanyi ƙalau. "Gobe zan tambaye ki shi. Zan ce ke ɓarauniya ce, zan ce ba ni na haife ki ba. Kada ki ba ni."

Ta sauka ita kaɗai. Akwatin ya fi yadda ta tuna nauyi, sai da ta sa hannu biyu. Da ta hauro, ya juya fuskarsa bango don kada ya ga ta inda za ta bi da shi.