Lambar Tsohon Inji

Motar da mahaifina ya bar mini ta buga inji ranar Talata a tsakiyar titi, ana ta danna mini hon kamar ni na ce ta mutu. Na sa aka ja ta zuwa garejin Kawu, aminin mahaifina tun suna samari, wanda shi kaɗai yake gyara ta. Ya ce gyara ɓata lokaci ne, gara a sa wani injin. Aka sa. Mota ta daina hayaƙi, ta rage shan mai, har na ji kamar sabuwa na saya.

Ni na dage sai an bi doka. Kawu ya yi ta cewa, "'Yata, wa zai leƙa cikin bonet ɗinki?" Ban saurare shi ba. Na kwafo lambar tsohon injin, na haɗa da rasidin sabon da takardun mota, na nufi ofishin rajista don a sauya lambar.

Jami'in ya duba takarda, ya duba kwamfuta, ya cire tabarau.

"Hajiya, sabon ba shi da matsala. Tsohon ne ba na motarki ba, na wata tasi ne. Sai mai tasin ya zo ya yi bayani, in ba haka ba mu riƙe motar."

Ya juyo mini da kwamfutar. Sunan Kawu ne. Aka kira shi a waya.

Kafin ya iso na gama yanke masa hukunci: ya sace injin mahaifina, ya maƙala masa ruɓaɓɓen nasa. Yana shigowa da maiƙo a hannu na ce, "Haba Kawu! Amanar ke nan?"

Bai kalle ni ba, ya fuskanci jami'in.

"Shekarar da mahaifiyarta ta kwanta ne. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, sai injinsu ya buga. Na san halin ubanta, ko zai mutu ba zai karɓi kyauta ba. Na cire na tasina na sa masa, na ce gyarawa na yi."

Na tuna tasin nan a bayan gareji, an ɗora ta kan duwatsu har tsatsa ta cinye ta. Muna yara muna tsokanarsa, wai ya iya gyara ta kowa ban da tasa.

"Baba, ka san laifi ne?" in ji jami'in. "In na rubuta, za ka iya rasa lasisin garejinka."

"Na sani. Rubuta, ku dai ba ta motarta."

Na ce a fasa, a riƙe motar. Jami'in ya ce magana ta riga ta fito, ba ta fasuwa. Ina kallo Kawu ya sa hannu. Kunya ta hana ni ko buɗe baki in ba shi haƙuri.

A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki riƙa bin sa a hankali, 'yata, injin bai saba da ke ba tukuna." Ya tsallaka titi ya tsaya jiran bas.