Ƙafar Ikilima ta Hagu

Ikilima ta ji ƙarar kafin ta ji zafin. Ana tsakiyar wasan ƙwallon hannu ne, 'yan matan Nasarawa da na wata jiha maƙwabciya, ta yi tsalle za ta jefa ƙwallo a raga. Tana dira, gwiwarta ta hagu ta ce ɓas, kamar an karya ɗanyen kara. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke. Aka yi mata tiyata a Jos, aka dawo da ita gida Akurba tana dogara sanduna biyu.

Shekarunta ashirin da biyu a lokacin, kuma ita ce kyaftin. Mahaifinta, Malam Bobbo, Bafulatani ne da ya daɗe da zama a gefen Lafiya, yana da 'yan shanunsa, yana kuma noman doya da masara. Bai taɓa zuwa kallon wasanta ba. Bai hana ta ba, bai kuma taɓa yabawa ba. Amma da aka ce sai ta riƙa zuwa gashin ƙashi sau uku a mako, bai bar wa kowa aikin ba. Shi yake goya ta a babur, ya bi titin Shandam a hankali yana kauce wa ramuka, ya zauna a benci har a gama.

Mai yi mata gashin sunansa Terfa, ɗan Tibi ne da ya tashi a Agyaragu, gajere mai yawan raha. Da ta kai wata na uku, ta ajiye sanduna, sai ya fito da wasu 'yan na'urori biyu, kowacce ba ta wuce akwatin ashana ba. Wata jami'a ce ta aiko da su don bincike a kan 'yan wasan da aka yi wa aikin gwiwa. Ya ba wata ma'aikaciya, ta shiga bayan labule ta ɗaure wa Ikilima ɗaya a kowace cinya da baƙin bandeji.

"Wannan kuma allura ce?" Malam Bobbo ya tambaya.

"A'a, Baba, haske ne kawai," in ji Terfa. "Yana shiga cikin nama, ya dawo ya faɗa mana iskar oksijin nawa ke cikin tsoka. In tsoka tana aiki, tana shanye iskar, layi ya yi ƙasa. In ta huta, jini ya kawo sabuwa, layi ya koma sama. Ga shi nan za ka gani."

Ya juyo masa da allon kwamfuta. Layi biyu ne a kai, shuɗi na ƙafar dama, ja na ƙafar hagu.

Gwajin farko ba daɗi. An naɗa mata wani abu irin na awon hawan jini a saman cinya, aka hura shi har jini ya daina wucewa na 'yan mintuna. Ikilima ta cije leɓe. Da aka sassauta, shuɗin layi ya tashi nan da nan. Da aka zo kan ƙafar hagu, jan layi sai ya riƙa hawa a hankali, kamar tsohuwa da tulu a kan tudu. Ya ɗauki kusan ninki biyu na lokacin ɗan'uwansa.

"Kar ki damu," Terfa ya ce. "Wata uku ƙafan yana barci. Za mu tashe shi."

Sai dai wata guda ya wuce, ƙafar ba ta farka ba. Ikilima tana hawa keken motsa jiki har zufa ta jiƙa mata ɗankwali, tana ɗaga ƙarfe, ba ta taɓa fashi ba, amma jan layi yana nan inda yake. Terfa ya canza batir, ya sa aka matsar da na'urar, ya buga wa masu binciken waya. Ba abin da ya sauya.

Wata Laraba, tana kan keke, Malam Bobbo ya taso daga benci ya tsuguna a gabanta. Bai kalli allon ba, ƙafafun ya zuba wa ido.

"Likita," ya ce, "ta hagun nan ba tuƙi take ba. Goyonta ake yi."

"Baffa, da duka biyun nake tuƙawa," in ji Ikilima.

"Ke kike ganin haka. Saniya in ta taɓa jin ciwo a ƙafa, ko ta warke, za ka ga tana tafiya daidai, amma ka je ka duba sawunta a laka. Ukun sun nutse, ɗayan ko ƙasa ba ta ji shi ba. Dubi kafaɗarki, duk kin kwanta dama."

Terfa ya koma kan allon, ya jawo awon makonnin baya. Shi duk hankalinsa yana kan yadda layi ke tashi bayan an gama. Bai tsaya ya lura ba cewa lokacin tuƙin kansa, shuɗin layi yana nutsawa ƙasa sosai, jan kuwa da ƙyar yake sunkuyawa. Tsokar hagu ba ta shan iska, don ba ta aikin komai. Ya dafe kai, ya yi dariya.

"Baba, shekara biyar na yi a makaranta, ka zo ka kayar da ni da sawun saniya!"

Malam Bobbo ya koma bencinsa, ranar ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

Daga nan aka cire ƙafar dama daga kan feda, aka ɗora ta a kan kujera. Hagu ita kaɗai. Ranar farko minti biyu kawai ta iya, cinyar tana rawa, hawaye na zuba. Terfa ya ajiye mata allon a gabanta ya ce ta tura jan layin ƙasa da kanta. Ta tura. Mako ya bi mako, minti biyu ya zama goma, goma ya zama ashirin. A gida ma takan tsaya da ƙafa ɗaya tana tankaɗen gari, ƙannenta suna yi mata dariya.

A wata na tara ta koma Jos. Likitan da ya yi aikin ya murɗa gwiwar, ya ja, ya duba hoto, ya ce ta kama. Terfa ya auna ƙarfin cinyoyin, ya sa ta tsallen ƙafa ɗaya a ɗakin gashi, duk ta ci. Aka ce ta koma fili.

Ta koma, abokan wasanta suka rungume ta. Ta yi gudu, ta karɓi ƙwallo, ta ba da. Amma duk lokacin da ta zo bakin layin da ake tsalle a jefa, sai ta ja burki ta miƙa wa wata. Kwana uku ana haka. A na huɗu ta ce da mahaifinta ya kai ta wajen Terfa.

"Ba ta warke ba," ta ce. "Ni nake jin jikina. Tana da nauyi, jini ba ya zuwa mata kamar ɗayar. In na dira a kanta za ta sake tsinkewa."

Terfa bai yi mata gardama ba. Ya sa aka ɗaura na'urorin, aka hura, aka sassauta, dama da hagu, amma ya juya allon yana kallon bango. Da aka gama ya yi 'yan danne-danne, sannan ya juyo da shi. Layukan biyu duk sun zama baƙaƙe.

"Oya, kyaftin. Ke kike jin jikinki. Nuna mini na hagu."

Ikilima ta matso. Layukan sun sauka tare, sun tashi tare, a wasu wurare ma ɗaya ya hau kan ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Can ta ga wanda ya ɗan makara kaɗan wajen tashi, ta dangwala yatsa.

"Wannan."

"Baba, kai fa?"

Malam Bobbo ya girgiza kai. "Ni na daina ganin bambanci tun kafin a cire doya."

Terfa ya danna, launi ya dawo. Layin da ke ƙarƙashin yatsanta shuɗi ne.

Ikilima ta janye hannunta a hankali. Ta kalli cinyarta ta hagu, ta kalli allon, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

"Wannan injin ba ya ganin jijiya," Terfa ya ce, ya daina raha. "Jijiya likita ya duba, ya ce lafiya. Ni abin da zan iya nuna miki, naman nan yana shan iska, jini yana dawo masa kamar na ɗan'uwansa. Ba ni na yi ba, ke kika yi, wata shida kina tuƙi. Alkawarin ba za ki sake jin ciwo ba kuwa, babu mai yi miki shi sai Allah."

Ranar Asabar aka yi wasan gwaji tsakanin 'yan ƙungiyarsu. Malam Bobbo ya ajiye ta a bakin ƙofar filin, ta ɗauka zai juya. Sai ta ga ya kafe babur a inuwa ya shigo, ya tsaya can gefe da sandarsa a kafaɗa.

Sau biyu ta zo bakin layi ta miƙa wa wata. A na uku ba kowa kusa da ita. Ta taka da hagu, ta tashi, ta jefa. Ƙwallo ta bugi ƙarfen raga ta yi waje. Ikilima ko kallonta ba ta yi ba. Tana tsaye a inda ta dira, ƙafa biyu a ƙasa, 'yan matan suka yo kanta da ihu har mai tsaron ragar.

Da za su koma gida, Malam Bobbo bai bi hanyar da suka saba ba. Ya ratsa ta cikin kasuwa, inda babur ba ya sauri. Ya tsaya wajen wanda ke sayar masa da dusar shanu, ya tsaya wajen mahauta, ya tsaya wajen wani tela da ba su ma saba sosai ba. Duk wanda ya ce, "Malam Bobbo, daga ina haka da rana tsaka?" sai ya kashe babur ɗin tukuna.

"Daga filin wasa muke," yake cewa. "Yarinyar nan ce ta koma aiki."